Ajiyar da Ba a Ba Ni Ba

Ban yi minti goma da sauka a tashar Tudu ba aka raba ni da akwatin aikina. Kwana uku ina rungume da shi tun daga Gusau, ko ruwa zan kama a kan iyaka yana hammatata. Sai ga wani dogo da farar hula da tabon salla a goshi, ya tare ni da Hausa mai daɗi kamar ɗan ɗakinmu.

"Sannu da hanya, ɗan'uwa. Kawo in kama maka."

Ni kuwa sakarai, jin Hausa a tsakiyar Akra ya sa na saki jiki. Na juya in karɓi jakata daga hannun kwandasta, na waiwayo, babu dogo babu dalilinsa. Abin narka dalma, ƙananan sukundirebobi, gilashin duba ƙananan abubuwa, duk sun bi shi. Allah ya so kwamfutata tana cikin jakar. Na zagi dogon nan, na zagi telan da ya ɗinka masa hular, har 'yan dako suka tsaya kallona suna dariya. Ni mutum ne mai baki, ban iya haɗiye magana ba. Da zagin ya ƙare na zauna a kan wani buhun albasa, na ji hawaye na neman kunyata ni.

Wani direban turoturo, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, shi ya ce in tafi Maamobi, can 'yan'uwana suke. Na sauka a bakin wani lungu inda wata tsohuwa ke sayar da wache, shinkafa da wake da aka dafa da ganyen dawa har ta yi ja. Na zauna a ƙarshen bencinta don ƙafata ta gaji. Ta dube ni sau ɗaya, ta zuba a ganye, ta ɗora ƙwai da kifi, ta turo mini.

"Mma, ban ce a zuba ba."

"Cikinka ya ce. Ci, Abokyi."

Abokyi suke kiran duk wanda ya fito daga wajenmu. Sunanta Mma Memuna, jikar wani fatake ce da ya zo da goro ya ƙi komawa. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ta tambaye ni Kano kamar ta bar tukunya a kan wuta a can. Da ta ji labarin akwatina ta ce, "Kafra," wato sannu, ta tafa hannu, ta ƙara wa dogon nan zagin da ban iya ba. Kafin la'asar ta nuna mini wani ɗaki a bayan gidanta, ta jawo teburin marigayi mijinta, wanda gyaran agogo yake yi, da gwangwanin kayan aikinsa. Da sukundireban mamaci na buɗe wayar farko da na gyara a ƙasar Gana.

Na kafa teburin a bakin babban titin Nima, unguwar da ke manne da Maamobi, ƙarƙashin lema. Shekarar farko kewa ta ci ni ƙwarai. Dokunu, tuwon masararsu mai tsami, ya ƙi bin maƙogwarona, iskar teku ta sa komai nawa tsatsa, ga Hausarsu da sau da yawa ba ta raba mace da namiji, idan sun yi sai in riƙa jin kamar an sa mini riga a bai-bai. Ranar Juma'a bayan an sauko nake kiran matata Hadiza, ta sa wa 'yarmu Ummi wayar a kunne, ita kuma ta yi ta hura mini iska ba ta ce komai ba. Ina ajiye wayar sai in rasa inda zan sa kaina.

Amma aiki ya karɓe ni, kuma abin da ya ɗaga ni wata ɗabi'a ce da na taho da ita daga wurin maigidana na Gusau. Shi ya taɓa goge wayar wata mata garin gyara, ashe hotunan mijinta da ya rasu babu su ko'ina sai a ciki. Kukan matar nan bai bar kunnensa ba. Tun daga ranar ya kafa mana doka: kada ka sa wa waya hannu sai ka kwashe duk abin da ke cikinta ka zuba a kwamfuta. Haka nake yi. Kowace waya da jakarta a cikin kwamfutar, in sa mata sunan da zan gane: "Mai nama Kotobabi", "Hajiya haƙorin Makka". Ba na buɗewa, ba na gogewa, ba na kuma tambayar mai ita, don a ganina alheri nake yi. Sau nawa aka sace wayar mutum a kasuwar Makola, ya zo yana salati, in ce ya kwantar da hankalinsa, in mayar masa da hoton uwarsa da muryar ɗansa? Wani mahauci har rungume ni ya yi da jini a rigarsa. Suna ya fita, aka daina ce mini Abokyi, aka koma Masta Lawwali.

A shekara ta uku Asana ta kawo wayarta, ta faɗa mata a ruwan wanki. Tela ce, shagonta na bayan masallacin layinmu, mace mai shekara ashirin da wani abu, mai fara'a, an sa ranar aurenta. Na kwashe cikin wayar kamar kullum, na sa wa jakar "Asana tela", na gyara. Da ta zo karɓa, ga mutane a tsaye, bakin nan nawa ya ce, "Amarya, in angon ya yi wasa, ni ina nan fa!" Kowa ya yi dariya, har da ita.

Wata huɗu bayan haka, saura kwanaki biki, wata baƙuwar lamba ta aiko mata saƙo: ta fasa auren, ko kowa ya ga abin da ba a gani. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai aka wayi gari hotunanta, irin waɗanda mace ba ta ɗauka don idon duniya, suna yawo a guruf-guruf na hira a wayoyin 'yan unguwa. Dangin ango suka aiko a mayar musu da kayansu. Kawunta Alhaji, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, ya titsiye ta a gaban yayyenta maza: wa ta taɓa tura wa? Ta ce babu. To wa ya taɓa riƙe wayar? Ta ce mai gyara.

Da hantsi suka zo, ina shan koko. 'Yan sanda biyu cikin farin kaya, da rabin Nima a bayansu. Da suka nemi kwamfutata ni na miƙa da hannuna, har ina cewa su duba son ransu. A caji ofis aka buɗe "Asana tela" a gabana. Wallahi ranar na fara ganin abin da ke ciki, kuma da sauri na kau da kai. Ɗan sandan ya ce, "Yanzu kake jin kunya?" Aka rubuta mini laifi biyu: yi wa mace barazana da hotunan tsiraicinta, da yaɗa su ba da yardarta ba. Mutum uku suka ba da shaida cewa sun ji da kunnensu na ce in angon ya yi wasa ina nan.

Alƙali ya ƙi ba da belina a zaman farko, wai baƙo ne, zan iya tsallake iyaka. Kwana goma sha tara na yi a tsare. Ba zan ba da labarin wurin nan ba, sai dai in ce ko a cikin ɓarayi akwai laifin da ake ƙyama, kuma nawa ne. Abin da ya fi cin raina Juma'a biyu da suka wuce ban kira gida ba. Ina ta tunanin wa zai fara kai wa Hadiza labari, da wane baki, kuma wata rana wace yarinya za ta gaya wa Ummi abin da aka ɗaure ubanta a kai.

Kowace safiya Mma Memuna na zuwa da wache a kwano, ta bar teburinta a hannun maƙwabciya. A rana ta huɗu ta zo da wata mace gajera, da baƙin kwat a kan abaya da tabarau.

"Ga Sakina. Da wachena ya yi girma, yanzu lauya ne. Gaya mishi gaskiya, in ka yi ƙarya ni zan fara marin ka."

Lauya Sakina haifaffiyar Nima ce, 'yar mahauci, ba ta da lokacin gaisuwa mai tsawo.

"Malam Lawwali, ka tura hotunan?"

"Na rantse da wanda raina ke..."

"Ajiye rantsuwa, kotu ba ta cin ta. Ka kwafa?"

"Na kwafa. Na kowa nake kwafa."

"Na kowa?" Ta cire tabarau. "Mutum nawa?"

Na ce sun fi ƙarfin ƙirga. Ta dafe kai ta ce wani abu da Turanci, sannan ta ce, "Wato asirin Nima kaf yana cikin jakarka, kana yawo da shi a turoturo. Ka taɓa tambayar ko mutum ɗaya?"

Na fara kawo mata labarin mahaucin da ya rungume ni. Ta ce, "Ban tambaye ka wanda ya gode ba. Asana ta ba ka ajiya?"

Tun da aka kama ni nake ganin kaina wanda aka zalunta tsantsa, sai ranar na ji wani abu ya soke ni.

Lauya ce ta sake neman beli, Mma ta tsaya mini da takardun gidanta, gidan da ba ta da wani abu a duniya sai shi. Na ce, "Mma, in na gudu fa?" Ta ce, "Ka gudu mana. Wa zai ba ka abinci a can?" Na koma ɗakina na bayan gida. Teburina na titi kuwa an riga an farfasa shi, kuma mata sun rage zuwa sayen wachen Mma saboda ni. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba.

Bayan makonni Lauya ta kira ni ofishinta, wani ɗaki a saman shagon taya. Ta ce ta gama bin takardun da masu gabatar da ƙara suka ba ta, ta kuma sa masani ya duba. Biyu daga cikin hotunan da suka bazu babu su a kwamfutata, babu alamar sun taɓa shiga. An goge su daga wayar tun kafin ta zo hannuna.

Na yi tsalle. "Shi ke nan, na fita!"

"Zauna. Za su ce ka kwafa a wani wuri ka ɓoye. Abin da wannan ke nuna mini shi ne akwai wanda ta taɓa tura wa, kuma ita kaɗai ta san shi. Ranar da za ta hau akwatin shaida, kotu za ta cika da 'yan Nima. Zan ɗauke ta ba shiri, in bi ta tambaya bayan tambaya har ta rasa wurin tsayawa. Na iya. A gaban kawunta za ta faɗi sunan."

Na ce, "Ki yaga ta, Lauya! Ita ta ji tausayina?"

Haka na fito ina huci. Amma ranar da aka kira ƙarar don sa rana, na gan ta a barandar kotu. Da ƙyar na gane ta. Ta rame, mayafi har goshi, tana zaune a ƙarshen benci. Kawunta da yayyenta na tsaye can nesa, kamar ba tare suka zo ba. Wasu samari suka wuce, ɗaya ya ɗaga waya ya nuna wa ɗaya, suka ƙyalƙyale. Ba ta ɗago ba, sai dai na ga ta cusa hannayenta cikin mayafi. A hanyar komawa Mma ta ce mini shagon ɗinkin a rufe yake tun ranar, kuma sau biyu ana ƙwace kwalbar magani a hannun Asana.

Kwana biyu ina juya abin. Ni ban watsa ta ba, Allah shaida. Amma ni ma na ɗauki abin da ba ta ba ni ba. Yanzu kuma don in wanke kaina sai a sake tuɓe ta a gaban unguwa, da lauyata, da yawuna. Na koma saman shagon taya.

"Lauya, babu wata hanya?"

"Akwai. In roƙi alƙali a fitar da kowa, a saurare ta a rufe. In ya yarda, dole masu ƙara su san dalili, za ta zo a shirye. Ba zan matsa mata ba, zan tambaye ta sau ɗaya kamar 'yar'uwa. In ta ce babu, babu ɗin ce za ta zauna a takarda. Shekarun da dokar nan ta yanka ba kaɗan ba ne, Malam Lawwali. 'Yarka za ta iya yin wayo ba ka nan."

Ba zan yi ƙaryar jarumta ba, sai da na nemi ruwa. Na ce, "Ki roƙe shi."

"Ni aikina in fitar da kai, ba in kai ka Aljanna ba. Ka je ka sake tunani."

"In na sake tunani zan fasa. Ki rubuta yanzu."

Ta jawo takarda tana gunaguni, wai duk Abokyi taurin kai gare su.

Alƙali ya yarda. Ranar shaida aka fitar da kowa, har Alhaji, yana ta faɗa a bakin ƙofa. Ya rage alƙali, magatakarda, mai gabatar da ƙara, tafinta, Lauya, ni, da Asana. Fanka kaɗai ake ji. Da aka rantsar da ita, ban san lokacin da na miƙe ba.

"Asana, ban tura ba, wallahi ban ma duba ba. Amma na kwafa ban tambaye ki ba. Wannan laifina ne, ki yafe mini."

Alƙali ya daka mini tsawa, Lauya ta finciko rigata har maɓalli ya tsinke, ta ce a kunnena in na sake buɗe baki za ta tafi ta bar ni. Asana ba ta ko dubi inda nake ba. Mai gabatar da ƙara ya bi da ita, ta maimaita abin da ta faɗa a caji ofis, kalma ba ta canza ba.

Lauya ta tashi. Ba ta ɗauki takarda ba. Ta nemi izini ta yi magana da Hausa, tafinta ya juya.

"Asana, a layi ɗaya aka haife mu. Duba ɗakin nan, babu kawu, babu yaya, babu 'yan gulma. Abin da aka yi miki zalunci ne, ko wa kika tura wa, ba ki ba shi izinin watsawa ba. Ke aka cuta. Sau ɗaya zan tambaya, in kin amsa na zauna. Hotuna biyun nan, akwai wanda ya taɓa samun su daga hannunki?"

Alƙali ya ajiye biro. Ina kallon yatsunta a kan katakon akwatin. Sai ta ce da wata ƙaramar murya, "Ya ce zai aure ni. Shekara biyu ina jiran shi." Ta faɗi sunan wani da ya yi neman ta kafin ya tafi ci-rani ƙetare, wanda da ya ji an sa ranarta ya kira ta ya ce ba ta isa ba. Ta ce tun saƙon farko ta san shi ne. Ta ce ta ga idon kawunta ne ta kasa. Sannan ta kifa kai tana kuka, Lauya ta zauna kamar yadda ta yi alkawari, ita ma tana goge tabarau.

Ba a ranar aka sake ni ba, kotu ba ta sauri. Sai da 'yan sanda suka bi sawun lambar, aka ɗaga zama sau biyu, sannan masu ƙara suka janye. Alƙali ya sallame ni, ya yi mini wankin babban bargo a kan kwafar kayan mutane, ya ba da umarni a goge komai da ke kwamfutar. Ya kuma ce abin da aka faɗa a rufe ya zauna a rufe. Mutumin da Asana ta ambata yana wata ƙasa, neman sa aikin hukuma ne, babu wanda ya san sunansa a waje.

Da muka fito, barandar cike take. Wani ya ce Abokyi ya sayi shari'a, wani ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Mma ta riƙe hannuna tana ja, sai Alhaji ya sha gabana, yayyen Asana a bayansa, ita kuma a bayansu. Dattijo ne mai furfura, idonsa ya yi ja. Ba da faɗa ya zo ba.

"Masta, ni ban san me ya faru a ɗakin nan ba. An ce ba kai ba ne. In ba kai ba ne, wane ne? Me yarinyan nan ya faɗa? Gaya mini a gaban mutane, ni da kaina zan hau lasifikar masallaci in wanke ka."

Umarnin alƙali bai isa ya riƙe ni ba, kalma uku cikin Hausa wa zai kai masa? Ga sunana a tafin hannun dattijon nan, ga teburina, ga cinikin Mma, ga abin da za a gaya wa Ummi. Maganar ta taso har ta cika mini baki. Ta bayan kafaɗarsa na hango Asana, ta rufe ido, tana jira.

Na ce, "Alhaji, 'yarka an zalunce ta, kuma ta faɗi gaskiya a inda gaskiya ke da wuya. Sauran ba nawa ba ne. Ka kai ta gida, ka sa ta ci abinci."

Ya dube ni, ya juya. Har yau akwai waɗanda ke tsallaka titi in sun hango ni a Nima, akwai matan da ba su dawo teburin Mma ba, kuma lasifikar masallaci ba ta taɓa ambaton sunana ba. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Amma a barandar nan, da suka juya za su tafi, Asana ta rage sauri har ta zo daidai da ni. Ba ta ɗago ba, ba ta tsaya ba. A hankali ta faɗa, yadda daga ni sai Mma muka ji.

"Masta Lawwali, na yafe. Kai ma ka yafe mini."

Ban kai ga buɗe baki ba. Mma ce ta amsa mata, ta ce, "Ya yafe, 'yata. Je ki."